Taruwar Ruwa a Jikin Mai Wankin Ƙoda da Wahalar da Zuciya Ke Sha: Tambayoyi da Amsoshi

Duk wanda ya taɓa raka ɗan'uwansa ɗakin wankin ƙoda ya san abin da ake fara yi. Kafin a taɓa allura, sai nas ta ce ya tuɓe takalmi ya hau sikeli. In an gama kuma ya sake hawa. Wasu na ɗaukar wannan a matsayin cika ƙa'idar asibiti kawai, alhali lambar da sikelin ya nuna ita ce ke faɗin yawan ruwan da zuciyar mutum ta kwana biyu tana dakonsa. Ga tambayoyin da majinyata da masu kula da su suka fi yi a kan wannan ruwa.

Ciwon ƙoda aka ce ina da shi. Me ya kawo maganar zuciya?

Lafiyayyun ƙoda biyu suna tace ruwan jini kimanin lita 180 a kullum. Kusan duka suna mayar da shi jiki, su fitar da lita ɗaya zuwa biyu a matsayin fitsari, tare da gishirin da ya wuce buƙata. Idan ƙoda ta gaza, ruwan da ka sha da gishirin da ka ci ba su da ƙofar fita. Wani ya zauna cikin jijiyoyin jini, wani ya tsiyaya cikin nama, wani ya gangara huhu.

Jinin babban mutum kimanin lita biyar ne, kuma gwargwadon haka aka halicci zuciya ta riƙa turawa. To ka ɗauki injin ban-ruwa da aka saya don 'yar fadama guda, aka ce ya shayar da ta maƙwabta ma, dare da rana, ba kashewa. Zai yi, amma ba zai daɗe ba. Haka zuciya take: ruwan ya ƙara mata kaya, ya kuma tayar da hawan jini, sai ɗakinta na hagu, wanda ke tura jini zuwa sauran jiki, ya buɗe ya kuma yi kauri. Wani bincike da aka yi a Kanada aka fitar a 1995 ya gano cewa kusan uku cikin huɗu na masu fara wankin ƙoda sun riga sun zo da wannan kaurin. Shi ya sa ciwon zuciya da na jijiyoyin jini ne kan gaba wajen kashe masu wankin ƙoda, ba ita ƙodar kanta ba.

In tsokar zuciya ta yi kauri, ba ƙarfi ta ƙara ba ke nan?

A'a. Kaurin ɗan dambe daban, wannan daban. Zuciyar da ta yi irin wannan kauri ta fi kama da ƙirgin da ya sha rana: ta sandare, ba ta saki ta karɓi jini yadda ya kamata. Mai irin wannan zuciya yana tafiya ne a kan siririyar gada. Ruwa ya ɗan ƙaru, ya koma huhu, numfashi ya sarƙe. An ɗan cire ruwa da sauri, jini ya faɗi, ya ga jiri. Ga kuma rikicewar bugun zuciya, wadda ke janyo mutuwar fuju'a.

Akwai wani abu da ke ruɗar mutane. A hoton zuciya da ake kira eko, likita na iya cewa ƙarfin matsawarta na nan daidai, kashi 55 ko 60 cikin ɗari, iyali su yi hamdala su ɗauka zuciya ƙalau take. Matsawa daban, sakewa daban. Zuciya na iya matsawa da kyau amma ta kasa sakewa, kuma ita ma gazawa ce.

Mene ne busasshen nauyi da nas take yawan faɗa?

Shi ne nauyinka idan an cire ruwan da ya wuce ƙima, ba kumburi, ba haki, jini ya daidaita, kuma ba a matse ka har ka galabaita ba. Da shi ake auna yawan ruwan da inji zai janye. Idan busasshen nauyinka kilo 60 ne ka zo da 62 da rabi, to lita biyu da rabi ka tara, domin lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce.

Abin da ake yawan mantawa shi ne wannan lamba tana canzawa. Mutum ya yi zazzaɓi na mako biyu, ko cin abincinsa ya ragu, ya rame kilo uku, amma a kati har yanzu 60 aka rubuta. Inji zai tsaya a 60, majinyaci ya koma gida da lita uku a jiki, kowa na cewa an kai shi inda ake so. A sikeli bai rame ba, amma dubi kafaɗarsa da kuncinsa. Don haka duk wanda ya kwanta asibiti ko ya ga wandonsa na zamewa, ya roƙi likita a sake duba lambar. Haka ma wanda cin abincinsa ya dawo ya yi ƙiba ta gaske, kada a ci gaba da matse shi zuwa tsohon nauyi.

Kuma a hau sikeli da kaya iri ɗaya kullum. Babbar riga da waya biyu da makullai a aljihu, ko hijabi mai nauyi yau gobe mayafi, suna iya ɓata lissafin da rabin kilo.

Kilo nawa ya kamata in ƙara tsakanin wanki da wanki?

Likitoci sun fi son kada ya wuce kashi 4 zuwa 4 da rabi cikin ɗari na busasshen nauyi. Ga mai kilo 60, kimanin kilo biyu da rabi ke nan. Wanda zuciyarsa ta riga ta raunana, ƙasa da haka ya fi masa.

Ƙafata ba ta kumbura ba. Ba shi ke nan babu ruwa ba?

Kumburin ƙafa baƙo ne mai zuwa a makare. Lita biyu ko uku, wani lokaci fiye, na iya taruwa kafin ka danna ƙwauri da yatsa ka ga ya lotsa. Alamomin da suka riga shi sun fi shiru: jini yana ta hawa duk da ƙarin magani, haki idan ka taka zuwa masallaci, tari busasshe da ke tasowa da ka kwanta, fuska ta tasa da safe. Tambayar da ta fi tona asiri ita ce: da filo nawa kake kwana? Wanda da yake kwana da ɗaya, yanzu sai ya tara uku, ko ya koma kwana a zaune kan kujera, huhunsa ne ke ba da labari.

Inda akwai kayan aiki, ana auna ruwan jiki da wata na'ura da ke tura 'yar wutar lantarki da ba a ji daga hannu zuwa ƙafa. Da irin wannan awo aka bi majinyata kusan 40,000 a ƙasashe 26, aka fitar da sakamako a 2017: waɗanda suka daɗe da ruwa fiye da ƙima sun fi mutuwa, ko jininsu na sama ko yana ƙasa. Ana kuma ɗora na'urar sikanin a ƙirji a ga wasu fararen layuka da ke nuna ruwa a huhu tun mutum bai fara haki ba. Inda babu waɗannan, sikeli mai gaskiya, awon jini a gida, da likita mai sa abin sauraro a bayan majinyaci suna yin aiki mai yawa.

Tunda inji na cire ruwa, me zai hana in sha yadda nake so, ranar wanki a janye shi duka?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci, kuma ita ce aka fi yi a zuci ba a furta ba.

Inji ba daga ƙafa ko huhu yake janye ruwa ba. Daga jini yake janyewa, kuma ruwan da ke cikin jini gaba ɗaya bai fi lita uku ba. Idan an janye, sai ruwan cikin nama ya tsattsafo ya cike gurbin, kamar yadda rijiya ke kawo ruwa bayan an ɗiba. Ka jefa guga a hankali, rijiya ta riƙa mayarwa. Ka yi ta zarya ba ƙaƙƙautawa, ka tarar da laka, alhali ƙasar gefen a jiƙe take. Haka mutum zai kasance ƙafa a kumbure, amma jijiyoyinsa sun ƙafe, jini ya faɗi, ƙwauri ya ɗaure, amai ya taso.

A wannan lokaci ita kanta zuciya ba ta samun isasshen jini. Likitoci a Derby ta Ingila sun riƙa ɗaukar hoton zuciyar majinyata suna kan inji, suka ga a kusan biyu cikin uku wasu sassan bangon zuciya na yin sanyi, su rage motsi, sai bayan an gama su farfaɗo. Wannan a 2009 aka wallafa shi. Abin da ya fi janyo haka shi ne yawan ruwan da aka cire da faɗuwar jini. Sau ɗaya ba komai, amma sau uku a mako, shekara da shekaru, sashen da ke farfaɗowa wata rana ba zai farfaɗo ba.

Akwai ma'auni. Cire fiye da mililita 13 a kowane kilo na jiki cikin awa guda an danganta shi da ƙaruwar mace-mace, kuma haɗarin na fara ɗagawa tun daga wajen 10. Ga mai kilo 60 da zai yi awa huɗu, 13 ɗin lita uku da ɗan ɗoriya ne, 10 kuwa lita biyu da mililita 400. Wanda ya zo da lita biyar, ko dai a wuce gona da iri a wahalar da zuciya, ko a bar shi ya koma da saura. Zuciya na shan matsi ta fuska biyu ke nan: nauyin ruwa a gida, fizgar ruwa a asibiti. Maganin duka biyun ɗaya ne, a zo da kaɗan, a cire a hankali.

Shi ya sa ba na goyon bayan masu roƙon nas ta sauke su bayan awa uku don sun gaji ko mai mota na jira. Awar ƙarshe ba ƙari ba ce.

Gaskiya ne ranar Litinin ta fi haɗari?

Ga masu wankin Litinin, Laraba da Juma'a, i. Ga masu Talata, Alhamis da Asabar kuwa, Talata ce. Ba ranar ce ke da wani abu ba, tazarar ce: kwana biyu cur ba wanki. Binciken da aka yi kan majinyata sama da 32,000 a Amurka, wanda ya fito a 2011, ya nuna mace-mace da kwanciya asibiti saboda zuciya sun fi yawa a ranar da ta biyo bayan wannan doguwar tazara. Ruwa ya taru, sinadarin fotasiyam, wanda yawansa ke rikita bugun zuciya, shi ma ya taru. Ƙarshen mako kuwa shi ne lokacin biki da suna da ziyara.

Mahaifinmu sau ɗaya ko biyu a mako muke iya biya masa. Yaya za mu yi?

Allah ya ba Baba lafiya, ya kuma saka muku. Wannan shi ne halin da gidaje da yawa ke ciki a Najeriya da Nijar, kuma ba abin kunya ba ne. Amma a san cewa a wajensa kowace tazara doguwa ce, don haka duk abin da aka faɗa a nan kan gishiri da ruwa ya ninka a kansa. Ku faɗa wa likita gaskiyar abin da za ku iya, don ya tsara ranakun su rabu daidai, Litinin da Alhamis misali, maimakon a haɗa su kusa a bar kwana biyar. Ku tambaya ko za a iya tsawaita zaman zuwa awa biyar. Ku sayi sikeli na gida, a auna shi kowace safiya bayan ya zaga, a rubuta a littafi. Kada a jira sai numfashi ya sarƙe kafin a fara neman kuɗin wanki, domin wankin gaggawa da gadon asibiti da iskar oksijin sun fi na ƙa'ida tsada nesa ba kusa ba.

Wanne ya fi muhimmanci, rage ruwa ko rage gishiri?

Gishiri. Ruwa bin gishiri yake yi. Kimanin giram 8 na gishiri na riƙe lita ɗaya ta ruwa a jiki, kuma ƙwaƙwalwa za ta tayar maka da ƙishirwa har sai ka sha wannan litar. A hana mutum ruwa alhali miyarsa ta ji gishiri zalunci ne, kuma ba zai iya ba.

Abin da ake so shi ne ƙasa da giram 5 na gishiri a wuni, wato kusan cokalin shayi ɗaya, duk da wanda ke ɓoye a cikin abinci. A ɗakin girkinmu ɓoyayyen ya fi na fili. Dunƙulen magi kusan rabinsa gishiri ne, farin magi ma yana da sodiyam, sinadarin da ke cikin gishiri, kanwar da ake jefawa a miyar kuka ko wake ita ma haka. Sai kilishi, yajin tsire, ƙullin ɗanɗanon taliyar yara, kifin gwangwani, burodi. Uwargida ta ce ta daina sa gishiri, amma ta marmasa magi huɗu a tukunya, ba a yi komai ba. A ɗebi nasa a ƙaramar tukunya kafin a sa wa sauran gida, a ƙawata shi da albasa, tafarnuwa, citta, kanumfari, masoro da lemon tsami. Makonni biyu zuwa uku na farko ne da wuya, daga nan harshe ya saba.

Gargaɗi guda: gishirin da ake sayarwa a matsayin na masu hawan jini yawanci fotasiyam ne a ciki. Ga mai wankin ƙoda yana iya tsayar da zuciya.

Ruwa nawa zan sha, kuma me ake lissafawa a matsayin ruwa?

Abin da aka saba bayarwa shi ne yawan fitsarin da kake yi a wuni, a ƙara rabin lita zuwa lita ɗaya a kai, gwargwadon abin da likitanka ya yanke. Ledar fiya-wata ɗaya rabin lita ce, sai ka yi lissafi da ita. Koko, kunu, fura da nono, shayi, zoɓo, romon farfesu, miya mai ruwa, duk ruwa ne. Kankana sama da kashi 90 cikin ɗari ruwa ce.

A zafin bazara fa, lokacin da ake kai maki 40 da ɗoriya?

Gumi na fitar da ruwa, don haka wasu likitoci kan ɗan sassauta a watan Afrilu da Mayu, amma sikeli ne alƙali, ba maƙogwaro ba. Zuba rabonka na wuni a gora ɗaya tun safe, ka sha da ƙaramin kofi. Tsotsar 'yar ƙanƙara ta fi kwankwaɗar ruwa kashe ƙishi. Kurkure baki ka zubar, yi asuwaki, tsotsi yankin lemon tsami. Mai ciwon suga ya kula da sugansa, domin in ya hau ba dabarar da za ta kashe masa ƙishirwa.

Ya galabaita a gida. Mu kai shi kemis a sa masa ruwa?

Kada ku yi. Mun saba ganin ƙarin ruwa a matsayin maganin kowace kasala, har majinyaci kan ji ba a duba shi ba in ba a rataya masa leda ba. Amma ledar ruwan gishiri ta rabin lita na ɗauke da giram 4 da rabi na gishiri, kai tsaye cikin jijiya, ga mutumin da ba ya fitsari. Leda biyu na iya cika masa huhu cikin dare ɗaya. Duk inda aka kai shi, kalmar farko da za ta fito daga bakinku ita ce yana wankin ƙoda. Ƙarin jini ma, in ya zama dole, an fi son a yi shi yana kan inji don a janye ruwan da ya zo da shi.

Lasix, maganin sa fitsari, na taimakawa?

Ga wanda har yanzu yake fitsari, yana iya ƙara masa. Ga wanda fitsari ya ɗauke gaba ɗaya, ba ya yin komai, kuma yawansa na iya taɓa ji. Ɗan fitsarin da ya rage, ko kofi biyu ne a wuni, dukiya ce: yana rage kayan da inji zai ɗauka. Abubuwan da ke saurin ƙarasa shi su ne magungunan ciwon jiki irin su diklofenak da ibufurofen, faɗuwar jini a kan inji a kai a kai, da jiƙe-jiƙen sassaƙe da ake cewa suna wanke ƙoda. Waɗannan na ƙarshe ga ruwa kofi-kofi, ga abin da ba a san yawan fotasiyam ɗinsa ba.

Jinina ya ƙi sauka duk da magani kala huɗu. Me ya sa?

Sau da yawa ruwa ne, ba ƙarancin ƙwaya ba. A garin Tassin kusa da Liyon a Faransa, wata cibiya ta yi suna da wankin awa takwas sau uku a mako tare da abinci mai ƙarancin gishiri, kuma mafi yawan majinyatanta jininsu ya daidaita ba tare da maganin hawan jini ba. A Amurka kuma, wani gwaji na 2009 ya nuna rage busasshen nauyi da kusan kilo ɗaya, kaɗan-kaɗan, ya sauke lambar sama ta awon jini da kimanin maki 7. Sai dai jini ba ya sauka rana ɗaya, yakan ɗauki makonni bayan an cire ruwan. Kada ka daina magani da kanka. Tambayi likita wanne za ka sha da safen ranar wanki, wanne za ka jinkirta.

Zan iya yin azumi?

Wannan hukunci ne na likitanka da ya san zuciyarka, kuma shari'a ta yi wa maras lafiya rangwame. Ga wanda aka amince masa, haɗarin na wajen buɗa-baki: kunu, zoɓo da ruwan sanyi a zama ɗaya, ga dabino da lemo masu yawan fotasiyam. Rabon wuni bai ƙaru ba don an yi azumi, a raba shi tsakanin magariba da sahur.

Fistular hannu da ƙarancin jini suna da hannu a ciki?

Suna da shi. Ƙarancin jini na sa zuciya gudu don ta isar da iska, shi ya sa ake ba da allurar ƙara jini da sinadarin ƙarfe a riƙe awon himogulobin, wanda ke nuna ko jini ya yi ƙaranci, wajen 10 zuwa 11 da rabi. Fistula kuwa, wato haɗa jijiyoyin jini biyu a hannu ta hanyar tiyata don a riƙa soka allurar wanki, ita ce hanya mafi aminci ta wanki, ta fi robar da ake sa wa a jijiyar wuya nesa. Amma in ta girma ƙwarai, musamman ta dantse, har jinin da ke bi ta cikinta ya kai lita biyu a minti, tana iya gajiyar da zuciya. Ana auna ta da sikanin, a rage mata faɗi in da buƙata.

Zuciyar da ta riga ta yi kauri tana iya dawowa?

Tana iya raguwa. Gwajin da aka fitar a 2010 a Amurka da Kanada ya nuna masu wanki sau shida a mako kaurin zuciyarsu ya ragu cikin shekara guda idan aka kwatanta da masu sau uku. Ba kowa ke da halin haka ba, amma abin da ya yi aikin shi ne ruwa bai samu damar taruwa ba. Bayan dashen ƙoda ma, wanda Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya fara yi tun 2002, ana ganin zuciya na samun sauƙi, har wasu da ƙarfin matsawarta ya faɗi su farfaɗo. Inda tabo ya riga ya zauna a tsoka ne ba ya gogewa.

Wace alama ce ba a jira gari ya waye a kanta?

Numfashi ya sarƙe yana zaune ba ya komai. Ya kasa kwanciya sam, ko ya farka firgigit yana neman taga. Tari da kumfa fari ko mai ruwan hoda. Ciwon ƙirji, gumi mai sanyi, leɓe ya yi duhu, bugun zuciya ya rikice, ko ƙafafu su mutu ya kasa ɗaga su, wanda kan nuna fotasiyam ya hau. A zaunar da shi ƙafafu a ƙasa, kada a kwantar da shi a bayan mota, kada a ba shi komai ya sha. A ɗauki katin wankinsa da littafin awon nauyi, a kira cibiyarsa tun ana hanya don su shirya inji, a nufi asibitin da ke da injin wanki kai tsaye ko da akwai wani asibitin da ya fi kusa.